Daren da muka bi masu neman fatalwa a Gettysburg

Auta ne ya kawo maganar. Yazo min hutun ƙarshen mako a Baltimore inda nake aikin nas, muna cin tuwon semo da daddare sai ya miƙo min waya yace Yaya duba nan, wai akwai wani gari kusa damu da turawa ke cewa duk Amurka babu inda ya kaishi fatalwa, har tikiti ake saya a zagaya da mutum cikin dare ana nuna masa wuraren da ake ganinsu. Nace a'uzubillahi, kai da kuɗinka kaje neman abinda mutane ke gudu? Yace shi tarihin yake so. Da ya faɗi sunan garin, Gettysburg, sai na tuna na taɓa karanta shi lokacin da nake haddar tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa, wurin da aka gwabza wani babban yaƙi, shugaban Amurka na lokacin Abraham Lincoln yazo yayi shahararren jawabinsa. Nace to zanje amma da sharaɗi biyu, zamu tafi da rana mu ga filin yaƙin da idonmu kafin wani ya cika mana kunne da labari, sannan ba zan taɓa duk wani abu da za'a ce na kiran matattu bane.

Sayen tikitin ba wuya, a intanet ne, kamfanonin da ke wannan harkar a garin suna da yawa sosai, ka zaɓi rana da lokaci ka biya da kati su turo maka saƙo da inda za'a haɗu. Akwai na tafiya a ƙafa kawai ana baka labari, akwai kuma wanda suke kira bincike, shi ake raba wa mutane na'urori. Auta ya zaɓi wanda ya haɗa duka biyun, ƙarfe takwas na dare. Abu ɗaya da na lura tun a saƙon shine sunce ba za'a shiga ainihin filin yaƙin ba, saboda yana hannun hukumar gwamnati mai kula da wuraren tarihi, ana rufe shi bayan faɗuwar rana, kuma hukumar ba ruwanta da zancen fatalwa. Yawon dare duk a cikin gari ake yinsa.

Ranar Asabar cikin watan Oktoba muka kama hanya bayan azahar, tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota, ka bar jihar Maryland ka shiga Pennsylvania, gonaki ne ta ko'ina da itatuwan tuffa. Muka fara da gidan tarihin da ke bakin filin. A nan ne abin ya fara shiga jikina. Yaƙin kwana uku akayi, 1 zuwa 3 ga Yulin 1863, a tsakiyar yaƙin basasar Amurka, sojan Arewa ƙarƙashin Janar George Meade da sojan Kudu masu kare bauta ƙarƙashin Janar Robert E. Lee, duka ɓangarorin sun haura mutum dubu 160. Garin kuwa a lokacin mutanensa wajen 2,400 ne kacal. Da aka tashi, waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai kimanin 51,000, gawa kaɗai wajen 7,000 a kwance, banda dubban dawakai da alfadarai da suka mutu, kuma a tsakiyar zafin bazara. Ni aikina ya sa nasan abinda gawa ɗaya take zama in ta kwana biyu ba sanyi, sai na tsaya gaban allon ina lissafi a raina, kowane mutum ɗaya na garin, har jariri da tsohuwa, gawa uku ta faɗo a kansa. Mutanen garin sun riƙa yawo da kwalbar man na'ana'a suna shafawa a hanci har sanyi ya shigo.

Daga nan muka shiga mota muka bi hanyar da aka tsara, akwai lambobi a gefen titi kana tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Igwa ce jere ko'ina, da gumaka da duwatsun tunawa sama da 1,300. Mun wuce da yawa da sauri amma wurare biyu sun riƙe ni.

Na farko wani fili ne shimfiɗaɗɗe a arewa maso yammacin gari da ake kira Iverson's Pits, wato ramukan Iverson. A ranar farko rundunar sojan Kudu ta Janar Iverson daga North Carolina ta taho a jere cikin filin nan basu san sojan Arewa na kwance bayan wata katangar dutse ba, aka tashi aka buɗe musu wuta daga kusa, ɗaruruwa suka zube a layi kamar yadda suke tafe. A nan aka tona ramuka marasa zurfi aka tura su. Bayan shekaru an kwashe ƙasusuwan amma ƙasar ta lotsa, kuma ciyawa tafi yin kore a daidai wurin. Wannan na cikin tsofaffin labaran fatalwar Gettysburg, tun zamanin da waɗanda suka ga yaƙin suna raye ake cewa masu aikin gonar basa yarda magariba ta same su a wurin. Wallahi ban ga laifinsu ba. Mutumin da garmarsa ta taɓa tono haƙarƙarin ɗan adam ba sai an ce masa akwai fatalwa ba kafin ya tattara ya tafi gida da wuri.

Na biyu shine Devil's Den, ramin shaiɗan kenan, wasu manyan duwatsu ne jibga-jibga a kan juna kamar waɗanda ake gani a hanyar Jos. A rana ta biyu an gwabza sosai a nan. Labarin da yafi yawo shine na wani mutum mai dogon gashi, ba takalmi, da wata malafa a kansa, wai yakan fito wa baƙi ya nuna musu wani gefe yace abinda suke nema yana can, kafin su juyo ya ɓace, ana cewa sojan Texas ne. Sannan wai kyamara da waya suna mutuwa a wurin. Dalilin da suke bayarwa shine wani hoto da aka ɗauka bayan yaƙin, na wani matashin sojan Kudu kwance bayan katangar dutse da bindiga a jingine, daga baya masu bincike suka gano cewa masu hoton, Alexander Gardner da mutanensa, ɗauko gawar sukayi daga wani wuri suka kawo ta nan suka gyara mata kwanciya don hoton yayi kyau. Wannan ɓangaren gaskiya ne, hotunan biyu suna nan, mutum ɗaya a wuri biyu. Shi yasa ake cewa matattun wurin basa son masu hoto. Wayar Auta bata mutu ba, ya ɗauki hotuna sun fi talatin, amma ni na kasa ɗauka, don ina tunanin yaron nan yana da uwa a wani gari tana jiransa, wasu kuma suna jan gawarsa a bargo saboda hoto.

Munyi la'asar a gefen mota a wajen ajiye motoci, magariba kuma bayan mun fito daga filin. Na karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi na tofa na shafe jikina, nace Auta kaima yi, yayi ba musu.

Bari in faɗi inda na tsaya tun kafin mu fara, don kar wani ya ɗauka wani abu. Ni musulma ce, abinda aka koya min kuma na yarda dashi shine wanda ya mutu ya tafi barzahu, baya dawowa yawo a titi. Aljannu kuwa akwai su, wannan ba gardama. Amma kuma na tashi a Zariya ina jin labarin fatalwa kamar kowa, wane ya mutu an binne shi sai ga wani ya dawo daga fatauci yana rantsuwa ya ganshi a kasuwar wani gari, ko doguwar aba fara da ake gani kusa da maƙabarta ƙafarta bata taɓa ƙasa. Don haka da jagoranmu ya fara magana ba baƙon abu naji ba, yaren ne kawai ya bambanta.

Wajen haɗuwar wani ɗan shago ne kusa da titin Baltimore, eh sunan titin kenan, shine tsohuwar hanyar da ke zuwa garinmu. Ka nuna saƙon a waya su duba sunanka. Mu kusan ashirin ne, har da yara, mu biyu kaɗai ne baƙaƙe. Jagoran wani dattijo ne sanye da kayan mutanen da, riƙe da fitilar ƙwai, ya fara da dokoki: a tsaya a gefen titi, kar a leƙa tagogin mutane don gidajen da yawa akwai masu zama a ciki, kar a taɓa gini, wanda yaji ba daɗi ya faɗa. Ya kuma ce shi baya alƙawarin za'a ga komai.

Tsayuwar farko gidan Jennie Wade. Yarinya ce 'yar shekara 20, ita kaɗai ce farar hula da harsashi ya kashe a kwana ukun nan. Ta koma gidan yayarta ne da ta haihu kwanaki kaɗan kafin yaƙin don ta taya ta jego, da safiyar 3 ga Yuli tana tsaye tana kwaɓa fulawa zata yiwa sojoji burodi sai harsashi ya huda ƙofa biyu ya same ta ta baya. Hudar tana nan a jikin ƙofar har yau. Dattijon yace mutane na jin ƙamshin burodi a gidan, wasu kuma sun mayar da abin camfi, wai budurwar da ta zura yatsa a hudar zata samu miji cikin shekara. 'Yan mata biyu a cikinmu suka hau dariya. Ni dai abin bai min daɗi ba, ramin da ran mutum ya fita ta cikinsa ne fa.

Muka matsa gaba kaɗan zuwa tsohon gidan marayu, nan ne labarin da ya fi taɓa ni. Bayan yaƙin an tsinci gawar wani soja a cikin gari, ba suna ba komai, sai hoton yara uku damƙe a hannunsa, shine abu na ƙarshe da ya kalla. Jaridu suka baza bayanin hoton har labari ya kai wa wata mata a jihar New York ta gane 'ya'yanta ne, mijinta ne Amos Humiston. Da kuɗin da aka tara ta sayar da kwafin hoton aka taimaka aka buɗe gidan marayun sojoji a 1866. Sai daga baya gidan ya faɗa hannun wata mata Rosa Carmichael da ta riƙa azabtar da yaran tana kulle su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, har ta kai ga kotu, aka rufe gidan a 1877. Yanzu ana cewa ana jin kukan yara da ƙarar sarƙa a ƙasan. A nan aka raba na'urorin, wata 'yar aba ce kamar rimot mai fitilu daga kore zuwa ja, wai tana auna ƙarfin lantarki a iska, da rakoda, ka yi tambaya ka yi shiru sannan a saurara ko wata murya ta shiga. Auta ya karɓi mai fitilun, ni naƙi kamar yadda na faɗa tun a gida. Wata mata ta durƙusa tana cewa yara in kuna nan ku taɓa fitilar. Fitilar hannun wani ta yi ƙyaf-ƙyaf, mutane suka ja numfashi, wata ta riƙe mijinta. Auta da yake injiniyan lantarki yake karanta ya matso kunnena yace Yaya duk sanda saƙo ya shigo wayar mutumin nan sai tayi haka, kalli, ya kara tasa kusa da aljihunsa ta haska. Nace yi shiru kar ka kunyata dattijon. Amma a raina abinda ke damuna daban ne, yaran nan an zalunce su suna raye ba wanda ya jiyo kukansu sai da aka daɗe, yanzu kuma da basa nan an zo da rakoda ana roƙonsu suyi magana.

Sauran tsayuwar na wuce su da sauri: wani gida da bangonsa ke da tabon harsashi sama da ɗari, wani lungu da ake cewa ana jin ganga da takun sojoji. Sai dattijon ya bamu labarin kwalejin garin, wadda babban gininta ya zama asibiti lokacin yaƙin. Wai wasu ma'aikata biyu sun tashi aiki da daddare suka shiga lifta, maimakon ta tsaya inda suka danna sai ta zarce ƙasa, ƙofa na buɗewa suka ga asibitin yaƙi, jini ko'ina, likitoci da zarto, an tara hannuwa da ƙafafu a kusurwa, wani ma'aikaci ya juyo yana kallonsu kamar yana neman su zo su taimaka. Ko sun gani ko basu gani ba, abinda aka kwatanta ɗin haka yake a tarihi. Harsashin lokacin na dalma ne mai nauyi, in ya samu ƙashi farfasa shi yake, ba abinda likita zai iya sai yankewa, ba'a san maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, coci-coci da makarantu da rumbuna da gidajen mutane duk sun zama asibiti, masu rauni sama da dubu ashirin aka bari a garin. Nasan kallon nan da aka ce mutumin yayi. Na taɓa yinsa da kaina a daren da marasa lafiya suka fi ƙarfin hannunmu, kana duban ƙofa ko Allah zai kawo wani. A nan hawaye ya zubo min, ba tsoro bane ko kaɗan.

Da aka zo ƙarshe dattijon yace akwai mai tambaya? Nace ina da ita, nace Malam duk gawarwakin nan waye ya binne su? Yayi ɗan shiru, yace sojoji da mutanen gari ne suka fara rufe su a inda suka faɗi, sama-sama, ruwan sama kuma ya riƙa tone su, aladu suna bi. Ya ambaci Elizabeth Thorn, matar mai kula da maƙabartar garin, mijinta na wajen yaƙi, ita da cikin wata shida ta haƙa kaburbura ta binne sojoji sama da 90, gunkinta na nan a maƙabartar da ciki da shebur. Ya tsaya a nan. Sai na ƙarasa masa da abinda na karanta da rana, don naga ba zai faɗa ba: da aka yanke shawarar yin maƙabartar sojoji, wadda Lincoln yazo buɗewa ranar 19 ga Nuwamba 1863 yayi jawabinsa na minti biyu, aikin tono gawarwakin da suka yi wata huɗu a ƙasa wani baƙar fata ne mai suna Basil Biggs ya jagoranci ma'aikatansa, suma baƙaƙe, suka yi shi, gawa sama da 3,000, ana duba aljihu ana neman wasiƙa ko wani abu da zai nuna sunan mutum. Kuma shi Biggs ɗin sai da ya gudu da iyalinsa kafin yaƙin, saboda sojan Lee suna kama baƙaƙen da suka samu a Pennsylvania, har 'yantattu, suna tura su Kudu cikin bauta. Ya dawo ya tarar an lalata masa gona. Shi kansa da ya mutu a wata maƙabarta daban ta baƙaƙe aka binne shi a gefen gari. Dattijon yace haka ne, gaskiya ne, kawai dai mutane ba wannan suke zuwa ji ba da daddare. Naji zafin maganar amma ban ja ba, don bai ƙaryata ni ba. Awa ɗaya da rabi ana kiran matattu su taɓa fitila, mutanen da suka sa hannu suka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ko sunansu ba'a kira ba sai da na tambaya.

Gawarwakin sojan Kudu kuwa sun kai shekara takwas zuwa goma a ramukan gonaki kafin a kwashe su zuwa Richmond da wasu garuruwan Kudu a farkon shekarun 1870, kuma ba duka aka samu ba, ko a 1996 sai da aka tsinci ƙasusuwan wani soja a gefen hanyar jirgin ƙasa. Kenan duk inda muka taka da rana akwai yiwuwar mutum na ƙasa.

Auta yaso mu biya ta gadar Sachs kafin mu wuce, wata tsohuwar gadar katako ce mai rufi a wajen gari wadda sojan Lee suka bi da suna janyewa, ana cewa an rataye sojoji uku a jikinta kuma ana jin warin taba sigari ba mai sha. Nace a'a, dare yayi, kuma abinda na gani ya ishe ni. Muka mayar da na'urar, muka ba dattijon ɗan abin goro kamar yadda ake yi, muka kama hanya. Har muka shiga Maryland ba wanda yayi magana a motar.

Washegari na kira Umma, da na gaya mata inda muka je sai da ta yi salati tace ke da Auta ba kwa jin magana, me ya kai ku. Na bata labarin tun daga farko, gawa dubu bakwai, garin mutum dubu biyu da ɗari huɗu, da mai cikin da ta riƙe shebur. Bata tambaye ni ko mun ga fatalwa ba sam. Tayi shiru can tace, to su waɗannan bayin Allah ba wanka ba likkafani? Nace babu Umma, wanda yayi sa'a ne aka naɗe shi a bargonsa. Tace iyayensu fa, an gaya musu? Nace wasu an gaya musu, amma a maƙabartar sojojin kaɗai akwai kabari 979 da ba suna, lamba ce kawai a kan ɗan dutse. Tace ki sake faɗa min sunan mutumin nan da ya tono su, na faɗa mata, ta maimaita shi sau biyu don ta riƙe.